FASHIN BAƘI: Karatun injiniyancin masana'antu da gudanar da fasaha, da hanyoyin da ɗalibin Ungogo zai bi ya same shi

Ƙaramar hukumar Ungogo tana kewaye da abubuwa uku da ba kowane gari ne ya haɗa su ba. Ta ɓangaren Rijiyar Zaki da Rimin Gata akwai sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda tsangayar injiniyoyi take. A Fanisau, daf da filin jirgin saman Malam Aminu Kano, akwai yankin ciniki maras shinge na gwamnatin tarayya, wanda aka keɓe domin masana'antu. Idan kuma mutum ya miƙi titin Katsina ya wuce Bachirawa, ba zai yi nisa ba zai faɗa kasuwar Dawanau da ke ƙasar Dawakin Tofa, inda ake tace riɗi da zoɓo da citta, a loda wa tireloli zuwa tashoshin jiragen ruwa.

Akwai fannin karatu guda da ya ratsa waɗannan wurare uku, amma ba kasafai ake ambatonsa ba idan iyali sun zauna shawarar abin da yaro zai cike a takardar JAMB. Likitanci ake fara kawowa, sai aikin lauya, sai kwamfuta. Wanda ya ce injiniya kuwa, gini ko lantarki yake nufi. Fannin da ake magana a kansa shi ne injiniyancin masana'antu, tare da ɗan'uwansa da ake kira gudanar da fasaha. Sunayen sun yi kama da juna, sassan da suka yi suna wajen koyar da su suna nesa da Kano, kuma takardar shaidar da kowannensu ke bayarwa ba ƙofa ɗaya take buɗewa ba. Ɗalibin da ya rikita su, mai yiwuwa sai ya ci shekara biyar sannan ya gane.

Injiniyan da ba inji ne damuwarsa ba

A ɗauki misalin masana'antar gyaran shinkafa, irin waɗanda suka yawaita a Kano musamman bayan rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. Shanshera tana shigowa a buhu, a fitar da tsakuwa da ƙasa, a jiƙa ta, a turara, a busar, a cashe, a goge, a ware karyayya, sannan a zuba a buhu a ɗinke. A ƙaddara cewa injin casa yana iya cinye tan 5 a awa guda, amma na'urar busarwa tan 3 kawai take iya fitarwa. Mai masana'antar da ya ga kasuwa ta buɗe, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya ƙaro injin casa, domin shi ne mai ruri, shi ake nuna wa baƙi. Idan ya ƙaro, ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba za ta ƙaru a abin da yake fitarwa ba. Tan 3 ɗin nan dai su ne, sai dai yanzu yana da inji biyu masu zaman jiran aiki, ga bashin banki a wuya.

Gano wannan maƙogwaro da ya shaƙe aikin, da lissafa nawa za a kashe a buɗe shi, da nawa zai dawo da shi cikin wata nawa, shi ne aikin injiniyan masana'antu. Injiniyan makanikai yana tambayar ko injin yana aiki yadda aka ƙera shi. Wannan kuwa gidan gaba ɗaya yake dubawa: mutane da injuna da kaya da wuta da lokaci da kuɗi. Me ya sa 'yan dako suke ɗaukar buhu su zagaya tsawon sito alhali da an juya wurin sikeli tafiyar ta ragu da rabi? Buhun banza nawa ya kamata a ajiye, don kada a tsaya saboda rashinsa, kada kuma a daskarar da jari a kansa? Yaushe za a tsayar da inji a yi masa garambawul da gangan, kafin ya tsaya da kansa a tsakiyar kakar aiki?

Waɗannan tambayoyi sun ƙara nauyi tun watan Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane ma'auni, kafin a ɗan rage daga baya. Injin da ke juyawa ba kaya a cikinsa, a da asara ce da ake iya kau da kai a kanta. Yanzu tana iya zama abin da ya raba masana'antar da ta rayu da wadda ta rufe.

A jami'a, shekaru biyun farko kusan ɗaya suke da na sauran injiniyoyi: lissafi, fiziks, kemistiri, zanen injiniya, sanin ƙarfin ƙarafa, da aikin hannu a ɗakin ƙira. Daga aji uku hanya take rabuwa. Ɗalibi zai shiga nazarin aiki da lokaci, da tsara shimfiɗar masana'anta, da ƙididdigar tabbatar da ingancin kaya, da lissafin ajiya, da lissafin layin jira, da kare lafiyar ma'aikaci, da auna ribar jari. Lissafin yana da yawa, kuma ba irin wanda ake haddacewa ba ne. Wanda ya zaɓi fannin don ya ji an ce ya fi sauran injiniyanci sauƙi, zai sha mamaki a ajin ƙididdiga.

Daga shebur zuwa Toyota

Fannin ya taso ne a Amurka a farkon ƙarni na 20. Frederick Taylor, wanda ya wallafa littafinsa kan gudanar da aiki a kimiyyance a 1911, ya tsaya da agogo a kan ma'aikatan kamfanin ƙarfe na Bethlehem yana auna nauyin da ya fi dacewa shebur ya ɗebo don mutum ya wuni yana aiki bai galabaita ba. Frank Gilbreth, wanda ya fara rayuwa a matsayin magini, ya ƙirga motsin da ake yi wajen ɗora bulo ɗaya ya samu 18, ya rage su zuwa kimanin 5 ta hanyar gyara inda ake ajiye bulo da kwaɓi. Matarsa Lillian, wadda ta ci gaba da aikin bayan rasuwarsa, ita ce mace ta farko da aka zaɓa cikin majalisar manyan injiniyoyin Amurka, a 1965. An buɗe sashen farko na wannan fanni a jami'ar jihar Pennsylvania a 1909. A 1913 kamfanin Ford ya fara harhaɗa mota a kan layi mai tafiya, aikin da ke cin sama da awa 12 ya koma kimanin awa ɗaya da rabi. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan ta karɓi tutar, inda Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya gina tsarin da ke ɗaukar jira da tara kaya da zirga-zirgar banza a matsayin asara da ya wajaba a farauta kullum.

Tarihin yana da tabo. A shekarar 1911 ɗin nan ma'aikatan wata masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown suka tafi yajin aiki saboda an tsaya musu da agogo, har majalisar dokokin Amurka ta gudanar da bincike. Agogo a hannun mai gida maras tausayi bulala ce. Duk wanda zai auna aikin 'yan dako ko na mata masu tsintar zoɓo, ya kamata ya fito daga makaranta da sanin cewa rage wahalar aiki daban, matse ma'aikaci daban.

Ita kanta Ungogo ba baƙuwar wannan tunani ba ce. A 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka fitar da rahoto daga Jami'ar Ahmadu Bello kan ƙasa da jama'ar gundumar Ungogo, kuma tun daga nan masana suke kafa misali da karkarar Kano a matsayin wurin da ake noma gona kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Sirrin taki ne. Da rani jakuna suna shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da taki a mangala. Jaki ba ya dawowa haka nan. Masu lissafin sufuri a yau suna kashe kuɗi da manhajoji don cimma wannan, wato kada mota ta yi tafiyar dawowa ba kaya. Abin da ya canja shi ne gonakin. Gado ya rarraba su, birni ya cinye wasu da awon igiya, ƙidayar 2006 kuma ta samu sama da mutum dubu 360 a ƙaramar hukumar. Yaran da gona ba za ta ɗauke su ba, dole su nemi abinci a sarrafa amfanin gonar da jigilarsa.

Gudanar da fasaha kuma fa?

Wannan ɗan'uwan nasa ya fi karkata ga shawara da kuɗi. Tambayoyinsa su ne: wace na'ura za a saya, daga ina, yaushe, da wane sharaɗi, wa zai gyara ta idan ta lalace, kuma yaya ma'aikatan gida za su koyi sirrinta? Duk wanda ya taɓa ganin inji mai tsada da aka shigo da shi daga China ko Indiya yana kwance ƙarƙashin tamfol saboda an rasa wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ya ga abin da rashin wannan ilimi yake haifarwa. Najeriya ta daɗe da sanin matsalar. Tun 1979 ta kafa ofishin da yanzu ake kira NOTAP domin rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, sannan a farkon shekarun 1990 aka kafa cibiyar NACETEM a harabar Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Sai dai horon wannan cibiya na waɗanda suka riga suka yi digiri ne.

A matakin digirin farko, fannin yana zuwa ne da wasu sunaye, galibi a jami'o'in fasaha na tarayya da aka kafa zamanin Shugaba Shehu Shagari: Owerri da Bauchi a 1980, Akure da Yola a 1981, Minna a 1983. A Minna da Akure da Owerri an san kwas ɗin gudanar da manyan ayyuka, wanda a takardar JAMB ake rubuta shi Project Management Technology, da kuma na gudanar da sufuri. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ta daɗe da kwas da ya haɗa gudanarwa da fasahar sadarwa. Sabuwar Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2023, ta zo da kwasa-kwasan jigilar kaya da na injiniyancin jirgin ƙasa, kuma ita ce ta fi kusa da ɗan Ungogo a wannan rukuni.

Ga inda bambancin yake da muhimmanci. Digirin injiniyancin masana'antu digirin injiniya ne. Idan hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya, ta amince da kwas ɗin, wanda ya gama yana iya yin rajista bayan ya samu gogewar aiki, ya ɗauki laƙabin injiniya, ya sa hannu a aikin da doka ta keɓe wa injiniyoyi. Digirin gudanar da fasaha ba ya kai mutum can, ko da kuwa a jami'ar fasaha aka yi shi, ko da shekara biyar aka yi ana karatunsa. Wannan ba aibu ba ne ga wanda ya shiga da saninsa, domin kamfanonin gine-gine da na sufuri da hukumomin gwamnati suna buƙatar masu tsara aiki da sayen kaya. Aibun yana kan wanda ya shiga yana zaton injiniya zai fito.

Akwai kuma sunayen da ke ɗauke da kalmar masana'antu amma ba su da alaƙa da wannan fanni. Industrial Chemistry kimiyyar sinadarai ce. Industrial Design, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi fice a kansa, zane ne da aikin yumɓu da adon tufafi da gilashi. Industrial Relations kuwa hulɗar ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki ce. Kowannensu karatu ne mai daraja, amma kama da wane ba ta wane. Irin wannan kuskure yana faruwa ne a shagon intanet, inda mai cike takarda yake sauri, yaro kuma yana jin nauyin ya ce a dakata ya duba.

Hanya ta farko: a tafi inda sunan yake

Sassan da suka daɗe suna ba da digiri mai suna Industrial and Production Engineering, ko wani suna makusancinsa, suna kudu ne. Jami'ar Ibadan tana cikin na gaba-gaba, haka Jami'ar Benin da sashenta na injiniyancin sarrafa kaya, sai Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Fasaha ta Akure. A arewa, jami'ar Bauchi ta haɗa makanikai da sarrafa kaya a sashe guda.

Ɗan Kano da ya nemi Ibadan ba ya cikin jihohin da jami'ar take fifitawa saboda maƙwabtaka. Amma tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya kasa gurabe uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Kano tana cikinsu. Wannan kaso na ƙarshe dama ce da ɗaliban Kano ba su cika amfani da ita a kudu ba, domin kusan kowa Bayero yake cikewa. Abin da ke hana tafiya sananne ne. Tsakanin Kano da Ibadan kusan kilomita dubu ne, kuɗin mota ya ninka tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga haya, ga abinci, ga fargabar iyaye kan hanya, musamman idan 'ya mace ce. Gidan da ke jiran damina kafin ya biya kuɗin makaranta ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Hanya ta biyu: a shiga ta ƙofar makanikai

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan ɗaliban Ungogo, a ganin mai wannan rubutu. Tsangayar injiniyoyi ta Jami'ar Bayero tana da sassan makanikai, da lantarki, da gine-gine, da injiniyancin noma da muhalli, da na sinadarai da man fetur, da kuma mekatironiks, wato haɗakar makanikai da lantarki da kwamfuta da ake sarrafa injunan zamani da ita. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wadda aka kafa a 2001 aka sauya mata suna a 2022, ita ma tana da makanikai da lantarki da injiniyancin noma. A Zariya akwai tsohuwar tsangayar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda har sashen injiniyancin roba da saƙa take da shi.

Manhajar makanikai tana ɗauke da darussan sarrafa kaya da gudanar da aikin injiniya da auna ribar jari. Ba su kai zurfin na wanda ya yi fannin zalla ba, amma sun isa harsashi. Sauran ya rage ga ɗalibi, kuma wurare biyu ne yake da iko a kansu.

Na farko shi ne watanni shida na sanin makamar aiki da ake yi a aji huɗu, ƙarƙashin shirin SIWES wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973. Ɗalibai da yawa suna neman ofishin gwamnati kusa da gida inda za a sa musu hannu a littafi ba tare da an tambaye su komai ba. Wanda yake son wannan fanni, Sharaɗa da Chalawa da Bompai da Tokarawa zai nufa, ko wani kamfanin tace riɗi a Dawanau, ya roƙi a sa shi a ɓangaren da ake fitar da kaya, ya riƙe littafi yana rubuta sau nawa layi ya tsaya a rana da dalilin tsayawar. Na biyu shi ne aikin bincike na aji biyar. Maimakon ƙera injin da za a ajiye a bayan sashe ya yi tsatsa, yana iya ɗaukar matsala ta gaske daga masana'antar da ya zauna, ya auna, ya kawo gyara da lissafinsa. Irin wannan aiki shi ne abin da zai ɗora a kan tebur ranar ganawar neman aiki. Wanda ya so ƙarin zurfi, sai ya yi digiri na biyu a fannin kai tsaye.

Ribar wannan hanya a fili take: ɗalibin Rijiyar Zaki ko Kadawa yana iya kwana a gidansu, ya fito da digirin da COREN ta sani, wanda kuma masu masana'antun Kano suka saba jin sunansa.

Jami'o'in ma suna da abin yi a nan. Sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a watan Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Jami'ar da ke zaune a garin shinkafa da fata da riɗi da man gyaɗa ba ta da uzurin rasa abin da za ta zuba a wannan gurbi.

Hanya ta uku ita ce ta difloma. Ɗalibi yana iya yin shekara biyu a makarantar fasaha ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ko ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko ta Kaduna, ya samu ƙaramar difloma. Idan sakamakon ya yi kyau sai ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Idan kuma ya zarce ya yi shekarar aiki da babbar difloma, COREN za ta yi masa rajista ne a rukunin masu fasahar injiniya, wanda yake ƙasa da na injiniya, sai ya ƙara karatu kafin ya haura. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudirin soke bambanci tsakanin babbar difloma da digiri a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. A cikin masana'anta dai, mai difloma da hannunsa ya saba da inji sau da yawa ya fi sabon mai digiri amfani a shekarar farko.

Tun daga aji huɗu na sakandare ake yanke hukunci

Duk waɗannan hanyoyi suna da mashiga ɗaya. Kwas ɗin injiniya yana buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, kuma waɗannan huɗun ake zaunawa a jarrabawar JAMB. Yaron da aka tura ajin adabi ko na kasuwanci a farkon babbar sakandare, saboda ajin kimiyya ya cika ko makarantar ba ta da malamin fiziks, an rufe masa ƙofar injiniya yana ɗan shekara 15, sau da yawa ba tare da iyayensa sun san an yi ba. Abin da ya rage masa shi ne ɓangaren gudanarwa, inda wasu jami'o'in suke karɓar darasin tattalin arziki ko labarin ƙasa tare da lissafi. Sharuɗɗan sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a.

Jihar Kano tana da tsohon tanadi kan wannan. Tun 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya aka ƙara wasu har da na 'yan mata, kuma ana shigarsu ne ta jarrabawa bayan kammala ƙaramar sakandare. A Ungogo kanta akwai kwalejin koyon sana'a ta gwamnati. Takardar NABTEB da ɗaliban irin wannan kwaleji suke samu karɓaɓɓiya ce wajen neman jami'a, muddin darussan da ake buƙata sun cika. Ba kowane uba ne ya san haka ba, shi ya sa ake yi wa makarantun sana'a kallon wurin da karatu yake ƙarewa.

Kafin a biya kuɗin cike takarda, akwai abin dubawa a kundin kwasa-kwasai na JAMB na shekarar da ake ciki, ba na bara ba, ba kuma abin da wani yaya ya tuna daga zamaninsa ba. Kwasa-kwasai suna sauya suna, wasu a ƙara su, wasu a cire. A 2017 ma'aikatar ilimi ta tarayya, zamanin minista Adamu Adamu, ta umarci jami'o'in fasaha da na noma su daina ba da kwasa-kwasan da suka kauce wa manufar kafa su, kuma ɓangaren gudanarwa ne abin ya fi shafa. Sannan a tabbatar kwas ɗin yana da amincewar NUC, idan na injiniya ne kuma har da ta COREN, domin amincewa ce da ake sabuntawa, ana kuma iya janye ta.

Shekaru da kuɗi

Shekara biyar ce a takarda. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa hidimar ƙasa. Manyan kamfanoni ma sukan sa iyakar shekaru a shirinsu na ɗaukar sababbin masu digiri. Saboda haka zaman gida shekara uku ana sake JAMB don neman likitanci yana da farashi, ko da ba a ga kuɗin yana fita ba.

Ta fuskar kuɗi, asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, yana kuma ba ɗalibi naira dubu 20 a wata. Bashi ne ba ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Ga ɗalibin da ke kwana a gida, wannan yana iya rufe kuɗin mota da takardu. Ga wanda ke haya a Ibadan ko Akure, ba zai kai ko'ina ba.

Aikin yana nan?

Ba daidai ba ne a ce wa yaro aiki yana jiransa. Duk wanda ya zaga Bompai ko Sharaɗa ya ga gine-ginen masaƙu da kamfanonin da suka rufe tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wuta, da kwararowar kayan waje. Yawancin masana'antun da suka rage na iyali ne, inda mai gida ko ɗansa ke yanke shawara, kuma ba su saba tallata gurbin injiniyan masana'antu da wannan suna ba. Aikin yakan zo ne da sunan jami'in sarrafa kaya, ko mai kula da inganci, ko mai tsara gyaran injuna, ko manajan sito, kuma albashin farko ba ya burge kowa.

A ɗaya gefen, akwai abubuwan da ke motsi. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023. An ƙaddamar da aikin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a watan Yunin 2020, da na layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, ko da yake duka biyun sun sha ɗage ranar kammalawa. Masu sayen riɗi da zoɓo a ƙasashen waje suna ƙara tsaurara sharuɗɗan tsafta da na maganin ƙwari, kuma kayan da aka dawo da su daga tashar jirgin ruwa asara ce ta miliyoyi, wadda ake iya kauce mata da mutum ɗaya da ya san yadda ake ɗibar samfuri a auna kafin a loda. Kamfanonin Ɗangote da BUA, waɗanda 'yan Kano ne suka kafa su, suna ɗaukar irin waɗannan ma'aikata a masana'antun siminti da sukari da taki, sai dai mafi yawan wuraren aikin suna wajen jihar, a Obajana da Sakkwato da Legas.

Ilimin kuma bai tsaya a masana'anta ba. Lissafin da ke rage layin tireloli a bakin sito shi ne ke rage layin marasa lafiya a ɗakin karɓar kati, shi ne kuma hukumar alhazai ke buƙata wajen tsara tashin jirage. Bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji masu rarraba abinci da magani suna ɗaukar masu wannan horo, galibi bayan sun gwada su a kan kwamfuta. Don haka ɗalibin da ya fito bai iya sarrafa alƙaluma a manhajar Excel ba, balle rubuta ɗan gajeren shiri da Python, zai tarar an riga shi, ko daga Ibadan ya ɗauko digirinsa ko daga titin Gwarzo.